Adaftar Wi-Fi ta USB a ƙauye: abin da na gani a TP-Link TL-WN722N da takwarorinta

Yawancin kwamfutocin tebur na gwanjo da ake kawo mana, irin su HP da Dell waɗanda suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin su iso kasuwannin Kano, ba sa zuwa da Wi-Fi a cikinsu, domin an ƙera su ne saboda ofisoshin da ke da igiyar intanet a jikin kowane bango. Mu kuwa a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura ba mu da irin wannan igiya. Intanet ɗinmu daga layin waya yake fitowa, ko dai ta MiFi, wato 'yar na'urar da ake saka wa layi ta bayar da Wi-Fi, ko ta hotsfot ɗin wayar hannu, kuma wahalar ita ce wurin da sabis ya fi ƙarfi ba safai yake zama wurin da kwamfuta take girke ba. Sabis yana bakin taga ko ƙarƙashin rumfa ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis, kwamfuta kuma tana can cikin ɗaki inda ƙura da rana ba za su same ta ba. Abin da ke haɗa su biyun shi ne 'yar ƙaramar adaftar da ake sokawa a ramin USB.

Ina da shagon buga takardu, inda ɗalibai ke zuwa duba sakamakon WAEC da NECO, masu neman aiki kuma ke cike fam, saboda haka yankewar intanet a wurina yana nufin mutum ya tako ƙafa ko ya biya kuɗin babur daga ƙauyensu ya koma hannu rabbana. Wannan ya sa na damu da batun, kuma na yi amfani da adafta iri uku: wata ƙarama marar sunan kamfani, da TP-Link TL-WN722N mai eriya, da kuma Archer T2U Plus ta wannan kamfani. Hukuncina shi ne TL-WN722N ce ta fi dacewa da mai Windows da ke zaune a ƙauye, amma da sharaɗin ya haɗa ta da igiyar ƙarin tsawo ta USB, kuma ya duba lambar sigarta kafin ya biya kuɗi, musamman idan yana da niyyar ɗora Linux, wata babbar manhajar kwamfuta da ake amfani da ita a madadin Windows.

Kafin a shiga bayani, akwai wata fahimta da ya kamata a gyara, domin ta sa mutane da dama sun kashe kuɗi a banza. Wani dattijo mai sayar da taki ya taɓa zuwa shagona da adafta mai doguwar eriya a aljihunsa, ya ce mini, "Malam, an ce wannan tana jawo sabis daga nesa, amma na soka ta ban ga komai ba." Na ce masa, "Baba, ai ba ta da ramin saka layi. Aikinta shi ne ta kama Wi-Fi ɗin da wayarka ko MiFi ɗinka ke bayarwa." Adaftar Wi-Fi ba ta magana da ƙarfen MTN ko na Airtel ko na Glo ko kaɗan, kuma idan sabis ɗin da MiFi ke samu mai rauni ne, adafta mafi tsada a duniya ba za ta ƙara masa komai ba. Amfaninta shi ne ta ba ka damar kai MiFi wurin da sabis yake, ka bar kwamfuta a wurin da take.

Ƙaramar adaftar da ba ta da suna, wadda girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba, ita ce mafi araha, kuma ita ake fara miƙo wa mutum idan ya tambaya. Tana zuwa a 'yar leda mai kwali a baya, tare da wani ɗan mitsitsin faifai da aka ce direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita, yana ciki. Idan MiFi tana kan tebur ɗaya da kwamfuta, tana aiki ba laifi. Da zarar bango ya shiga tsakani sai ta fara yankewa, saboda eriyarta wani siririn zane ne na tagulla a kan allon da ke cikinta, ga shi kuma idan aka soka ta a bayan kwamfuta, akwatin ƙarfen kwamfutar da kansa yana tare mata hanya. A lokacin bazara tawa takan ɗau zafi har ta ɓace daga kwamfuta gaba ɗaya, sai an zare ta ta huce. Wani abin da ya fi damuna game da ita shi ne babu tabbacin abin da ke cikinta: biyu da ke cikin leda iri ɗaya suna iya zuwa da cif (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa adaftar) daban-daban, direban ɗaya kuma ba zai tashi ɗayar ba.

TL-WN722N ta fi ta girma sosai. Fara ce, tana da faɗi, tana aiki a zangon 2.4 GHz kaɗai bisa ƙa'idar 802.11n wadda aka tabbatar a 2009, saurin da aka rubuta mata 150 Mbps ne, kuma tana zuwa da eriya mai ƙarfin 4 dBi wadda ake murɗawa a cire. Wannan murɗawar ita ce abin da na fi daraja a jikinta. Mahaɗar eriyar irin wadda ake kira RP-SMA ce, wadda ake samu a rauta (na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida ko ofis) da yawa, don haka idan eriyar ta karye ana iya musanya ta, idan kuma ana son ƙarin nisa ana iya ɗaura wadda ta fi ta. Ya kamata a san cewa eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara shi take yi zuwa wani sashe ta rage shi a wani. Doguwar eriyar sanda tana tura sigina zuwa gefe-gefe ta rage wanda ke tafiya sama da ƙasa, shi ya sa ake so ta tsaya a miƙe, kuma kada a nuna MiFi da tsininta, domin ta tsinin ne ta fi rauni. A lissafin dB, wato ma'aunin ƙarfin sigina da na eriya, ƙarin 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi, kuma sai an sami ƙarin 6 dB kafin nisa ya ninka sau biyu a fili fetal inda babu abin da ya tare hanya. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai yarda da kwalin da ke alkawarin nisan kilomitoci da 'yar eriya guda ba.

Abin da ya kawo mini canji mafi girma, fiye da sauya adaftar ma, shi ne igiyar ƙari ta USB. Da farko adaftar tana bayan kwamfuta, ƙasa da tebur, kusa da batirin sola da inbata. Da na sayo igiya mai tsawon mita uku, na bi da ita ta jikin bango na ɗaure adaftar da kyauron roba a kan katakon taga, eriyarta a tsaye tana kallon rumfar da MiFi ke rataye, sai sandunan sigina suka tashi daga biyu zuwa cikakku, kuma shafin da a da yake tsayawa a tsakiyar ɗora hoton fasfo ya riƙa wucewa ba tare da tangarɗa ba. Ƙa'idar USB 2.0 ta yarda da igiya har mita biyar. Wanda ke buƙatar fiye da haka sai ya nemi igiya mai ƙaramin cif na ƙarfafa sigina a jikinta. Ina ba da shawarar a tsawaita igiyar USB maimakon a tsawaita wayar eriya, domin siririyar wayar eriya tana cinye sigina a kowace mita, har abin da aka samu daga babbar eriya ya zube a hanya, alhali abin da ke bi ta igiyar USB bayanai ne da ke isa yadda suke muddin ba a wuce iyaka ba. A kula kuma da kaurin igiyar. Ramin USB 2.0 yana ba da wutar da ba ta wuce 500 mA ba, kuma igiya mai siraran wayoyi tana rage ta kafin ta isa, sai adafta ta riƙa mutuwa tana tashi. Idan damina ta faɗi a tabbata ruwa ba ya taɓa ta, kuma a zare igiyar idan hadari ya taso da tsawa.

Gine-ginenmu suna da nasu hali a wannan batu. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye sigina fiye da yadda mutum zai zata, ya fi yin haka kuma idan ya jiƙe, domin ruwa yana cin irin wannan zango. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe ba sa barin sigina ya ratsa su, mayar da shi suke yi, saboda haka shagon kwantena ko ɗakin da aka kewaye da langa-langa dole sai an fito da adaftar waje ko bakin taga. Ganyen darbejiya ma yana rage sigina, kuma na lura haɗin da ke tafiya lafiya a lokacin rani yakan raunana idan bishiyoyi suka cika da ganye suka jiƙe. Ɗaga MiFi da adaftar sama da tsayin mutum yana taimakawa, tunda jikin mutanen da ke kai da kawo a tsakani shi ma yana tare hanya.

Akwai kuma wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa, wato haɗin Wi-Fi hanya biyu ce. Kamar mutum biyu ne da ke magana daga gona zuwa gona: idan ɗaya yana da babbar murya amma ta ɗayan ba ta fita, zance ba zai yiwu ba. MiFi da wayar hannu suna da ƙananan eriyoyi a ɓoye cikin jikinsu, an kuma yi su ne don su yi tattalin batir, saboda haka adaftar da ke taƙama da ƙarfin turawa kawai ba ta warware matsalar. Eriya mai kyau ta fi amfani, domin ita tana taimakawa a turawa da kuma karɓa. Wanda ke son ya auna maimakon ya yi kirdado, a Windows yana iya buɗe Command Prompt ya rubuta netsh wlan show interfaces, zai ga ƙarfin sigina a lissafin kashi cikin ɗari tare da saurin da adaftar ta ƙulla. Manhajojin waya kuma suna nuna shi a ma'aunin dBm, inda -50 yake da ƙarfi sosai, -67 ya isa aiki, -80 kuma ya kusa yankewa. Ka zagaya da waya a hannu ka nemo wurin da lambar ta fi kyau, nan za ka ɗaure adaftar.

Archer T2U Plus sabuwar ƙira ce a kan waccan. Tana bin ƙa'idar 802.11ac, tana kama zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, an rubuta mata AC600, wato jimillar 200 Mbps a zango na farko da 433 Mbps a na biyu, kuma tana da doguwar eriya mai 5 dBi. Ta yi mini aiki mai kyau, amma ban ga ta ba ni abin da TL-WN722N ba ta ba ni ba. Zangon 5 GHz ya fi sauri, kuma ya fi amfani a birni inda gidaje da shaguna suka cika zangon 2.4 GHz da cunkoso, tunda hanyoyi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. A ƙauye wannan cunkoso babu shi, idan ka duba jerin Wi-Fi sau da yawa naka kaɗai za ka gani ko da na maƙwabci ɗaya. Ga shi kuma 5 GHz ya fi saurin gajiya a nisa, ya fi kasa ratsa bango, sannan MiFi da yawa ba sa ma bayar da shi. Batun lambar sauri kuwa, 150 ɗin da ke jikin kwali saurin ƙulla haɗi ne a yanayi mafi kyau, galibi adaftar takan ƙulla a 72 Mbps, abin da ke isa hannu kuma bai kai haka ba. Duk da haka ya fi abin da layin waya ke kawowa shagona, don haka maƙurar ba a adaftar take ba. Wanda ke da rauta mai zango biyu kuma yana tura manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci, shi ne zai ci moriyar Archer.

Dacewa da babbar manhajar kwamfuta ita ce ɓangaren da ya fi rikita mutane, kuma sirrinsa guda ne: kwamfuta ba ta san sunan da ke jikin kwali ba, cif ɗin da ke cikin adaftar take gani. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan cif kaɗan ne, manyansu Realtek da MediaTek, wanda ya sayi Ralink a 2011, da kuma Atheros, wanda Qualcomm ya saya a wannan shekarar. TL-WN722N misali ce mai kyau. Sigarta ta farko tana ɗauke da Atheros AR9271, amma siga ta biyu da ta uku suna ɗauke da Realtek RTL8188EUS, alhali sunansu da kamanninsu duk ɗaya ne. Ana gane bambancin daga 'yar takardar da ke manne a bayan adaftar ko a gefen kwali, inda aka rubuta Ver da lamba a gabanta. Wadda ake samu sabuwa a kasuwa yanzu galibi ba ta farko ba ce. Idan adafta ba ta da suna, a soka ta a duba lambar shaidarta a Device Manager na Windows, ko a rubuta lsusb a Linux. Lambar da ta fara da 0BDA ta Realtek ce, 148F ta Ralink ce, 0E8D ta MediaTek, 0CF3 kuma ta Atheros, sai dai adaftocin da ke da kamfani sukan nuna lambar kamfaninsu, kamar 2357 ta TP-Link.

A kan Windows 10, TL-WN722N ta tashi da kanta a kwamfutocin shagona ba tare da na ɗora komai ba. Windows 7, wanda har yanzu yake kan kwamfutoci da yawa a yankinmu duk da cewa Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020, yana buƙatar a ɗora masa direba da hannu, kuma a nan ake shiga tsaka mai wuya, domin ana buƙatar intanet a sauko da direba, ana kuma buƙatar direba a sami intanet, ga shi kwamfutoci da yawa ramin faifansu ya mutu. Mafita ita ce a sauko da direban a waya daga shafin kamfanin, a zaɓi wanda ya dace da lambar sigar adaftar da kuma nau'in Windows ɗin, ko mai 32 ko mai 64, sannan a tura shi ta igiyar caji. Ina ajiye kwafinsa a filash, kuma ina ganin duk mai shago ya kamata ya yi haka. A guji shafukan da ke alkawarin ɗora dukkan direbobi lokaci guda, domin sukan shigo da manhajojin da ba a gayyace su ba.

Batun Linux ya fara zama na kusa da mu. Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman wani cif na tsaro da ake kira TPM 2.0 da sabbin na'urorin sarrafawa waɗanda yawancin kwamfutocinmu na gwanjo ba su da su, saboda haka wasu sun fara mayar da tsofaffin kwamfutoci kan Ubuntu ko Linux Mint. A nan abin nema shi ne cif ɗin da direbansa ke cikin Linux tun asali. AR9271 na sigar farko ta TL-WN722N yana ciki, haka RT5370, haka MT7601U da ake samu a adaftoci masu araha da yawa, haka kuma MT7612U da ke cikin Alfa AWUS036ACM, wadda ke da eriya biyu da zango biyu amma ta fi tsada kuma ba a cika samunta a nan kusa ba. Waɗannan ana soka su suna tashi. Cif ɗin Realtek da dama, har da RTL8821AU da ke cikin Archer T2U Plus, sun daɗe suna buƙatar a haɗa musu direba da hannu, wanda kuma kan lalace idan aka sabunta manhajar, ko da yake sigogin Linux na baya-bayan nan sun fara ɗaukar wasunsu. Ga mutumin da ke nesa da mai gyara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa nake cewa mai Linux ya gwada adaftar a kan sigar da yake amfani da ita kafin ya saya.

Masu kwamfutar Apple kada su sa rai, domin daga macOS 11 zuwa sama, da kuma kwamfutocin da ke da cif ɗin Apple na kansa tun 2020, galibin waɗannan adaftoci ba su da direba. Wayoyin Android ma ba sa karɓarsu ta OTG, wato mahaɗar da ke ba da damar soka na'urar USB a waya, a al'ada. Dikodar tauraron ɗan Adam kuwa takan karɓi cif ɗaya ko biyu ne kacal, mafi yawa MT7601 ko RT5370, don haka a duba littafinta.

TL-WN722N tana da nata naƙasun da ya kamata mai saye ya sani. Faɗinta yana toshe ramin USB na kusa da ita, kuma a jikin laftof tana fitowa waje sosai, ta yadda ɗan bugu zai iya lanƙwasa bakinta ko ya lalata ramin, wanda hakan ƙarin dalili ne na amfani da igiya. Tsohuwar ƙira ce, saboda haka idan sabuwar waya ta saita hotsfot ɗinta a kan tsaron WPA3 kaɗai, ko a kan 5 GHz, adaftar tana iya kasa haɗuwa ko ta kasa ganinsa ma, sai an mayar da saitin zuwa WPA2 da 2.4 GHz. Idan tana yankewa bayan kwamfuta ta ɗan huta, a shiga Device Manager a hana Windows kashe ta don tattalin wuta. Na'urorin USB 3.0, masu shuɗin rami, suna fitar da hayaniyar da ke damun zangon 2.4 GHz, don haka kada a ajiye rumbun ajiya na waje dab da ita.

Akwai nisan da adaftar USB ba ta isa ba ko wace iri ce. Idan ana son a kai intanet daga gida zuwa shagon da ke ƙetaren titi, ko daga ofishin makaranta zuwa wani ginin aji mai nisa, abin da ya dace shi ne na'urar waje mai fuskantar wuri guda, irin TP-Link CPE210 mai eriyar 9 dBi, wadda ake ɗaurawa a kan sanda, tana shan wuta ta igiyar intanet, igiyar kuma tana iya kai mita 60. Ta fi tsada kuma tana buƙatar wanda ya iya saita ta, amma saboda wannan aiki aka yi ta.

Wanda zai shiga Kano saye, ko a Farm Centre ko a titin Beirut, ya tafi da laftof ɗinsa idan yana da ita, ko ya rubuta sunan Windows ko Linux ɗin da ke kan kwamfutarsa a takarda. Ya nemi a buɗe kwalin a gabansa ya ga lambar sigar, a soka adaftar ta kama hotsfot ɗin wayarsa, sannan ya ɗan yi nisa da wayar zuwa wajen shago ya ga ko haɗin zai riƙe. Farashi yana bin dala kuma ya bambanta daga shago zuwa shago, saboda haka a tambaya a wurare biyu ko uku, a kuma yi hattara da wadda kuɗinta ya faɗi ƙasa da na kowa, domin kasuwa ba ta rasa jabu. A karɓi rasit, a yi magana a fili kan ko za a musanya idan ta ƙi aiki a gida, kuma a sayi igiyar ƙarin a nan take a gwada su tare, domin a kasuwannin ƙauye ba a cika samun mai kauri ba.